Mai Sassaƙa Sunayen Ƙofofi

A Kolombo, bayan tashar jirgin ƙasa,
nake da rumfa, taku shida, ba taga.
Sunana Sirisoma. Tagulla nake sassaƙa,
ma'aikatar ciniki ce ke ci da ni.

Kowane allo layi uku ne:
Sinhala, Tamil, sannan Turanci.
Wani muƙamin ya fi allonsa tsawo,
sai in cusa haruffa
kamar fasinjojin bas ɗin safe.

Hawa na biyar na minista ne.
Can ban taɓa ɗaure noti tamau ba,
don ni zan dawo in kwance.
Goma sha ɗaya na ɗaura, goma na cire.
Wani ya sauka fentinsa bai bushe ba,
kuɗin allonsa har yau ina bi.

Na huɗu, babban sakatare,
da mataimakansa, da masu taimakon mataimaka.
Ƙofa ta fi ƙofa faɗi,
an taɓa gaba wata uku
kan wanda allonsa ya fi da rabin yatsa.

Na uku, masu lura da abin da ke fita:
ganyen shayi, kirfa, igiyar ɓawon kwakwa.
Na biyu, masu abin da ke shigowa.
Su kan san albasa za ta yi tsada
tun matata ba ta ɗauki kwando ba.

Shekarar da aka haɗa ciniki da masana'antu
na sake rufin ɗakina.
Shekarar da aka raba su
na sayi babur.
Teburan ba su motsa ba,
fankar nan mai kuka tana nan tana kukanta,
hankakin da ke taga bai san an yi gyara ba.

A ƙasa kuwa, kusa da matakala,
inda damina ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
akwai ɗakin awo da ma'auni.
Thavamalar Kandiah ke ciki,
shekara talatin da ɗaya.
Takarda ce manne a ƙofarta,
da biro aka rubuta, ruwa ya cinye rabi.

Ita ke riƙe da duwatsun awo
cikin akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle.
Ba ta taɓa su da hannu, sai da hantsaki.
In mai shago ya rage wa shinkafa nauyi
ƙarar a teburinta take kwana.
Duk sabon minista, sati bai cika ba
sai ka ga masinja yana saukowa da gudu:
ina fayil kaza?
Ba ta ɗaga kai. Sai ta ce,
kabad na uku, ƙarƙashin na sukari.

Ba a taɓa aiko mini da sunanta ba.
Matakinta bai kai na tagulla ba, in ji doka.

Ran Juma'a ta yi ritaya.
Daren Alhamis na buɗe durowar tsofaffin alluna,
na ɗauko na wancan da bai biya ba,
na kifa shi, na goge bayansa da toka da tsamiya.
Har ƙarfe biyu ina bugu.

Na same ta tana naɗe laima.
Ta karɓa, ta gyara tabarau,
ta auna shi a tafin hannu
kamar mai zargin an rage wani abu.
Ta juya, ta ga sunan minista,
dariya ta kusa kuɓuce mata.

Ta ce, Sirisoma, a layin Tamil
ka manta ɗigo ɗaya.

Ta sa shi a jaka, gefen kwanon abincinta.
Ni kuma na hau sama da sukundireba,
an ce ran Litinin akwai sabo.